Kwamfutata na cijewa da zafin Afrilu: ƙura ce ko man furosesa?

Ɗalibar Harobanda
Assalamu alaikum ƴan uwa. Don Allah masu sanin kwamfuta ku taimaka min. Ina shekarar ƙarshe a sashen labarin ƙasa, ina haɗa taswirorin memuwar ɗina da manhajar zanen taswira ta QGIS, amma portabul ɗin nan ta sa ni gaba. Da safe in na kunna ta lafiya lau. Da na ɗan jima ina aiki sai fanka ta fara kuka, gefen hagu ya ɗauki zafi har ba na iya ɗora hannu, daga nan sai cijewa: in ja linzami kibiya ta tsaya cak, sai can ta yi tsalle. Ko bidiyo na sa, murya na tafiya hoto na tsaye. Jiya da la'asar mutuwa ta yi ba sallama, da aikin da ban adana ba. Ƴar gwanjo ce, Core i5-8250U, RAM giga 8. Wani ya ce min wai man cikinta ne ya bushe. Wane mai ne kuma a cikin kwamfuta?

Ɗan Gem na Lazare
Wa alaikumus salam. Yaya birus ne. A yi mata forma a zuba sabon Windows, shi ke nan.

Mai Gyaran Katako
Ƙanena, birus bai san la'asar ba. Mashin ɗin da ke lafiya da safe ya rikice da rana ta take, zafi ke damunsa har sai an tabbatar da wani abu daban. Kuma kar wanda ya yi wa ƴar mutane forma ana tsakiyar memuwar.

Malama, kafin kowa ya sa turnabis a jikinta, abu biyu. Na farko, yau ɗin nan ki kwashe aikinki ki sa a kile USB, ki kuma aika wa kanki ta imel. Na biyu, ki sauke HWiNFO, manhajar da ke nuna zafi da gudun kayan ciki, kyauta ne, ki buɗe shi a wurin da ke nuna ma'aunai kawai. Ki duba zafin furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, lokacin da ba ki aikin komai, sannan ki buɗe taswirarki mafi nauyi ki jira ta fara cijewa ki sake dubawa. Ki faɗo mana zafin, ki faɗo mana gudun furosesa a wannan lokacin. Da lamba ake gyara, ba da "an ce" ba.

Ɗalibar Harobanda
To Malam, na gode. Ga abin da na gani. Tana zaune ba aikin komai digiri 66 zuwa 70. Da na buɗe taswira ta haura 98, 99, lambobin suka koma ja. Gudun kuma da farko yana wajen 3.2 GHz, da ta fara cijewa ya faɗo 1.1, wani lokaci ma ƙasa da haka. Akwai wani layi da ke maganar rage gudu saboda zafi, ya rubuta eh.

Mai Gyaran Katako
To ai magana ta fito. Wannan furosesan iyakarsa digiri 100 ne. In ya kusa nan da kansa yake rage gudu don kar ya ƙone, wannan ragewar ita ce cijewar da kike gani. In ya rage bai huce ba sai ya kashe mashin ɗin gaba ɗaya, abin da ya faru jiya ke nan. 70 a zaune ya yi yawa ƙwarai ga furosesa mai wat 15. Ki sa bayan hannunki a ramin da iska ke fita. Iska na fitowa da ƙarfi, ko kukan fankar kawai ake ji?

Ɗalibar Harobanda
Kuka ne kawai. Iskar kaɗan ce, da ƙyar nake jin ta.

Mai Gyaran Katako
Ƙura ce. Na rantse ba sai na gani ba. Hazon hunturun da ya wuce duk yana ciki, ya toshe bakin radiyatar, wato ƙarafan da ke kwashe zafin furosesa fanka ta hura shi waje. A shagona, cikin mashinan da ake kawo min da sunan "mai ya bushe", mafi yawansu da na cire ƙurar sun dawo hayyacinsu tun kafin in taɓa man. Ana dai sauya man ne tunda an riga an buɗe.

Baba Mai Ritaya
Salamu alaikum. Ƴata, tambayarki ta farko ba a amsa ba, bari in amsa, don wanda ya san dalilin abu ba a cika cutarsa a wurin gyara ba.

Furosesa na fitar da zafi a wuri ɗan ƙarami, bai kai farcen babban yatsa ba. A kansa ake ɗaure farantin jan ƙarfe, daga farantin wani bututun jan ƙarfe ya ɗauki zafin ya kai shi wurin siraran ƙarafan da ke bakin fanka, fanka ta hura shi waje. Matsalar ita ce fuskar furosesa da fuskar farantin, ko da ido ya ga sun yi sumul, suna da ƙananan ramuka da tudu. In an haɗa su haka nan, iska ce ke maƙalewa a tsakani, kuma iska ba ta wuce da zafi. A ma'aunin da ake auna wannan, jan ƙarfe yana wajen 400, iska kuwa 0.026 take. Shi man da ake kira pat termik bai wuce ƴan lambobi ƙalilan ba, galibinsu ƙasa da 10. Wato ya fi iska nesa ba kusa ba, amma bai kama ƙafar jan ƙarfe ba. Aikinsa kamar yaɓen da ake toshe tsagar bango da shi ne, ba shi ne bangon ba. Shi ya sa ake son shi siriri iya yadda zai yiwu.

Da shekaru yana bushewa ya tsattsage. A portabul kuma akwai wani abu: kullum ƙarfe ya yi zafi ya buɗe, ya huce ya tsuke, a hankali sai ya riƙa tura man gefe har tsakiya ta zama fayau. Furosesanki na 2017 ne. In ba a taɓa sauya masa ba, ba mamaki ya zama gari.

Wani abu kuma da ba a cika faɗa ba: yawancin masu ƙera portabul suna rubuta cewa a yi aiki da ita a wurin da bai wuce digiri 35 ba. Mu nan Yamai a Afrilu da Mayu inuwa ma tana wuce 40, ɗakin kwano kuwa sai wanda ya shiga. Fanka ba ta ƙirƙiro sanyi, iskar ɗakin take turawa. Duk digirin da ɗaki ya ƙaru, furosesa ma ya ƙaru da kusan haka. Saboda haka ko an gyara, kar ki sa ran lambobin da kike gani a bidiyon Turawa.

Ɗalibar Harobanda
Allah ya saka da alheri Baba, yanzu na gane. Kuma gaskiya a kan katifa nake yawan aiki da ita, saboda ɗakin ba tebur.

Hajiya Mai Buga Takardu
Haba ƴata, katifa! Ai ta ƙasa take shaƙar iska. Ko faranti ne na silba ki kifa ki ɗora ta, ko ki sa marfin kwalba biyu a ƙarƙashinta ta baya ta ɗan ɗaga. Ni duk na ofishina haka na yi musu. Kuma in yara sun tashi da yamma ina rufe su da zane, bayan an kashe ba a kunne ba.

Ɗan Gem na Lazare
To in man ne, ni na ga wani ya sa man goge baki kuma zafi ya sauka.

Mai Gyaran Katako
Ya sauka ranar. Ka koma ka tambaye shi bayan sati. Man goge baki ruwa ne a cikinsa, da zafi ya buge shi ya bushe ya zama alli, sai a dawo gidan jiya ko ma fiye. An taɓa kawo min wadda aka shafa wa giris ɗin mota. Wari kaɗai ya ishe ka.

Ɗan Gem na Lazare
Wasa nake Malam. Amma maganar gaskiya, me zai hana ta sa ƙarfe mai ruwa a madadin man? Shi ne ƙarshe wajen sanyi, har PlayStation 5 da shi aka yi ta.

Baba Mai Ritaya
Gaskiya ne da shi aka yi ta, amma sun gina masa shinge na musamman da ke hana shi malala. Ɗana, wannan abin galiyom ne a cikinsa. Yana wuce da lantarki, ɗigo ɗaya ya gangara kan ƙananan kayan da ke kewaye da furosesa, kart mer, babban allon da duk kayan ke haɗe a kai, ta tafi. Yana kuma cin alminiyam. Mashin ɗin da za a sa a jaka a hau kabu-kabu da shi a ƙetare gada kullum, a kan furosesa mai wat 15, ba shi da wata bukatar wannan kasada.

Ba'adare Mai Sabar
Salamu alaikum jama'a, ku gahwarce ni in shigo da tawa matsala tunda iri ɗaya ce. Ni nan Tawa nike, ina da wurin buga takardu da intanet kusa da tasha. Babbar mashin ɗina ta tebur, Core i5-4570, ita ma haka take. Mun hure ta tas, babu ƙura ko kaɗan. Mun sauya mai, munka sake sauyawa, har yanzu da an buɗe abu mai nauyi sai 95 zuwa sama. Fanka tana juyawa lahiya lau. Yaron da ke min aiki ya ce wai furosesan ne ya gaji. Furosesa na gajiya?

Mai Gyaran Katako
Alhaji, furosesa ba ya gajiya irin wannan. Fankar asali ce ta Intel, mai ƙafa huɗu na roba da ake dannawa?

Ba'adare Mai Sabar
Ita ce.

Mai Gyaran Katako
To kashe mashin ɗin, ka cire wayar wuta, ka kama radiyatar ɗin ka ɗan girgiza a hankali. In ya motsa ta gefe ɗaya, ƙafa ɗaya ba ta shiga ba. Waɗannan ƙafafun su ne masu ba mutane wahala. Akwai kibiya a kan kowace baƙar hula. Mutane na ɗauka in an juya ta inda kibiyar ta nuna an kulle ke nan, alhali buɗewa ke nan, na cirewa ne. Wajen ɗaurawa ana mayar da ita saɓanin kibiya, a saita farin bakin a ramin, a danna biyu masu kallon juna ta kusurwa har a ji ƙas, sannan sauran biyun. In akwatin na buɗuwa ta baya ka leƙa, dole ka ga fararen bakunan huɗu sun fito sun buɗe. Sau da yawa ɗaya ya lanƙwashe ko ya karye. Wannan furosesan wat 84 ne, in farantin bai kwanta daidai ba ko man zinariya ka sa ba zai yi ba.

Ba'adare Mai Sabar
Bari a rage mutane in duba. Yanzu masu takardun jarrabawa sun cika wurin.

Ɗalibar Harobanda
Malam, ni yayana ya ce zai buɗe min, yana gyaran waya. Wane mai za mu saya, kuma yaya ake sawa? Na ga wasu na cewa ɗigo ɗaya a tsakiya, wasu na cewa a shafe.

Mai Gyaran Katako
In hannunsa ya saba da waya zai iya. Mai dai ki nemi Arctic MX-4 ko Noctua NT-H1, duka biyun ba sa wuce da lantarki, ko ya ɗan taɓa gefe ba abin tsoro. Sirinji mai giram 4 zai yi mashin da yawa. Sai dai a kula, jabu ya yi yawa a kasuwa. In kin ga an ce miki MX-4 ne amma kuɗinsa bai fi na katin waya ba, ki ajiye. Akwai kuma na gwangwani mai arha da ake sayarwa da yawa, yana aiki na ɗan lokaci, amma da zafinmu ba ya daɗewa, araha ba ta ado.

Ga yadda zai yi. A kashe ta, a cire caja. Da an buɗe marfin ƙasa, abu na farko a zare wayar batir daga kart mer, kafin a taɓa komai. A ɗauki hoto da waya don a san inda kowane bis yake, don ba tsawonsu ɗaya ba, in aka sa dogo a ramin gajere yana iya huda wani abu. A cire fanka. Tsakanin fanka da siraran ƙarafan nan, nan ƙurar take. A cire da hannu da buroshi mai laushi. In za a hura, a riƙe fankar da yatsa kar ta yi ta juyawa da ƙarfin iska. Kuma don Allah kar a kai wa mai faci ya hura da injinsa, iskar na zuwa da ruwa kuma ƙarfinta ya yi yawa.

Bis ɗin radiyatar suna da lamba a jikinsu, 1 zuwa 4. A sassauta su kaɗan-kaɗan bi da bi, ba a kwance ɗaya gaba ɗaya a bar sauran a ɗaure ba. A ɗaga a hankali, kar a lanƙwasa bututun. A goge tsohon man a fuska biyun da alkol da tsumma mai tsabta marar gashi har su yi ƙyalli. Kar a kankare da wuƙa ko bakin turnabis.

Hajiya Mai Buga Takardu
Alkol ɗin farmasi zai yi?

Mai Gyaran Katako
Mai 90 zai yi, Hajiya. Mai 70 ruwansa ya fi yawa, in shi ne kawai a hannu a jiƙa tsumman kaɗan, kar a zuba a kai, a kuma jira ya bushe sarai. Wanda muka fi so shi ne isopropil. Fetur da tina kuwa a'a.

Maganar ɗigo ko shafawa: ɗigo kamar ƙwayar wake na mashin ɗin tebur ne, irin na Alhaji, don furosesansa na da hular ƙarfe a kai. Na portabul tsirara yake, fuskarsa mai ƙyalli da muke kira madubi ce kai tsaye. Shi ana sa ɗan kaɗan kamar ƙwayar shinkafa a shafe shi siriri da tsohon katin waya har ya rufe kowace kusurwa, don duk inda aka bari ba mai, nan zai yi zafi shi kaɗai. Kar a cika. Mai da yawa shi ma zafi yake jawowa.

Baba Mai Ritaya
A nan zan ɗan saɓa maka, Malam. Ni na ce ana son shi siriri, amma ba hannun mai shafawa ke sa shi siriri ba, matsin bis ɗin ne. In an ɗan zarce, da an ɗaure sai rarar ta fita gefe, ƙazanta ce kawai. In kuwa an gaza, ba abin da zai cike gurbin. Ga wanda bai saba ba, gara ya ɗan zarce da ya gaza. Tsoron cikawa da ake ta sa wa mutane shi ke sa su shafa abin da bai isa ba.

Mai Gyaran Katako
Baba, da girmanka, amma ni nake buɗe abin da wasu suka cika. In man mai laushi ne, haka ne. Amma bis ɗin portabul ba su da matsi irin na tebur, ƴan siraran ƙarafa ne ke danna farantin. In aka samu mai kauri irin na gwangwani aka labta, ba ya fita, zama yake daram. Na ga wadda aka matse rabin sirinji a kai, ya malale har ƙarƙashin baƙar ledar da ke kewaye da furosesa, ƙura ta bi ta manne.

Baba Mai Ritaya
Rabin sirinji ai ba zarcewa ba ce, ɓarna ce. Ni ƙwayar shinkafa biyu nake nufi maimakon ɗaya. Amma maganar matsin portabul ka yi gaskiya.

Mai Gyaran Katako
To mun haɗu a shinkafa ɗaya da rabi.

Malama, saura biyu. Za ku ga madubi biyu a kan furosesan, babba da ƙarami. Babban ne ke son mai. Ƙaramin, ku duba yadda kuka same shi: in ba alamar mai a kansa kuma farantin bai taɓa shi ba, ku bar shi. In kuma kun ga wasu ƴan gutsattsarin roba masu laushi a kan wasu kayan, kar a yar, kar a maye su da mai, kaurinsu aunanne ne. Wajen mayarwa a ɗora farantin sau ɗaya, kar a ɗaga a leƙa. In an ɗaga sai an goge an sake. A ɗaure bis bisa lambarsu kaɗan-kaɗan. Kuma kar a manta da wayar fanka, wannan ko mu tana faruwa da mu in ana hira.

Ba'adare Mai Sabar
Malam, Allah shi yi maka albarka. Awa kana wurin. Ƙafa ɗaya farin bakinta ya karye rabi, radiyatar ɗin shina lilo. Da munka ɗaga, man gefe ɗaya ya baje, gefe ɗaya kuwa ɗigon na nan yadda yaron ya sa shi, ko taɓa shi ba a yi ba. Akwai wata matacciyar mashin a lungu, munka cire fankarta munka ɗaura. Yanzu ko an buɗe komai ba ta wuce 74. Da har na fara tambayar kuɗin furosesa a Ƙonni.

Ɗan Gem na Lazare
Alhaji sai ka aiko wa Malam da kilishi.

Ba'adare Mai Sabar
In mota ta taso gobe shina ciki.

Ɗalibar Harobanda
Salamu alaikum, mun buɗe. Wallahi da yayana ya ɗaga fankar sai da na ja baya. Ƙurar ta dunƙule ta yi kauri a bakin ƙarafan daga wannan gefe zuwa wancan, ja-ja da ita, da zaren katifa da gashi a ciki, ya kama gefe ɗaya ya ɗago ta guda ba ta karye ba. Da ya ɗaga ƙarafan sama ya haska fitilar waya, sai a lokacin haske ya ratsa. Man kuma ya bushe ƙamas, ya taru a gefe-gefe, tsakiyar madubin babu komai. Sai da ya jiƙa da alkol ya jira kafin ya fita. Mun samu MX-4, mun yi yadda kuka ce.

Yanzu a zaune 49 zuwa 52, da taswira mafi nauyi 83, da rana tsaka kuma ba kuran balle fankar ɗaki. Gudun ba ya faɗowa ƙasa da 2.4. Ba ta sake mutuwa ba. Amma akwai sauran abu: in na buɗe babban fayil ko ina adanawa, tana ɗan daskarewa na daƙiƙoƙi, alhali zafin 60 ne kawai.

Mai Gyaran Katako
Madalla, 83 a wannan watan ba laifi. Wannan daskarewar kuma ba ta zafi ba ce. Ki danna Ctrl da Shift da Esc tare, ki shiga wurin da ke nuna aikin kayan ciki, ki kalli disk, ma'ajiyar fayiloli, lokacin da ta daskare. Nawa yake nunawa, kuma an rubuta HDD ko SSD?

Ɗalibar Harobanda
HDD, kuma yana kan 100 cikin 100. Na sa CrystalDiskInfo, manhajar duba lafiyar disk, kamar yadda yayana ya ce, ya nuna rawaya ba shuɗi ba.

Mai Gyaran Katako
To wannan ya fi zafin gaggawa. Rawaya na nufin disk ɗin ya fara samun wuraren da suka lalace. Irin mai juyawa ne, kuma ya daɗe yana gasuwa kusa da wancan zafin, ga mutuwar farat ɗaya da mashin ɗin ya yi yana tsakiyar rubutu. Ki sake kwashe komai yau, har da hotuna. Sannan ki sa SSD, disk marar juyawa, ko mai giga 256 ne. Yayanki ya duba ko akwai ramin M.2, na sa siririn SSD, a kart mer, in babu, na inci 2.5 zai shiga inda tsohon yake. A nan ne za a zuba sabon Windows, kuma furosesanki na ƙarni na 8 ne, yana ɗaukar Windows 11. Na 10 Microsoft ta daina ba shi sabuntawar kyauta ta yau da kullum tun 14 ga Oktoba 2025.

Ɗan Gem na Lazare
Kun gani, ƙarshenta dai forma aka dawo.

Hajiya Mai Buga Takardu
Kai yaron nan. Da an bi taka ran farko ai a kan ruɓaɓɓen disk za a zuba, ga ƙura na nan.

Baba Mai Ritaya
Ƴata, ƙarin abu ɗaya don watannin nan kafin ruwa ya sauka. A cikin saitin wuta na Windows akwai wurin da ake ƙayyade iyakar ƙarfin furosesa. In kika mayar da shi 99 maimakon 100, a yawancin mashina yana hana shi hawa gudun nan na sama, sai ya tsaya wajen 1.6 GHz ɗinsa na asali. Zafi zai sauka sosai, batir ma zai ƙara daɗewa in an ɗauke kuran.

Mai Gyaran Katako
Don rubutu da karatu ya yi, Baba. Amma ga taswira zai rage mata gudu kusan rabi, kuma tunda 83 take ba ta bukata. Ni da na ba ta shawara, ta bar shi 100 in tana kan caja, ta sa 99 in tana kan batir, ai wuri biyu ne a saitin.

Tunda an zo maganar caja, ga masu karantawa: in kun ga gudu ya maƙale a 0.79 GHz alhali zafi bai kai ko 60 ba, kar ku ɓata mai. Sau da yawa caja ce. Wasu mashinan, musamman Dell, suna tantance caja ta siririyar allurar da ke tsakiyar bakinta, in ba su gane ta ba sai su rage gudu su kuma ƙi cajin batir. A gwada wata caja ta asali kafin a buɗe komai.

Ba'adare Mai Sabar
Malam, tambaya ta ƙarshe. Sau nawa ya kamata a riƙa wanga aiki? Mu nan ƙurarmu ta fi ta Yamai, ga mu bakin hanya.

Mai Gyaran Katako
Hurar ƙura, Alhaji, a wurinka sau biyu a shekara: da ƙarshen hunturu kafin bazara ta kama, da kuma bayan guguwar farkon damina. Ka ɗauke akwatunan daga ƙasa ka ɗora kan tebur, su bar jikin bango da tafin hannu ɗaya ko biyu. Mai kuwa ba a taɓa shi sai lamba ta ce a taɓa. Ka rubuta 74 ɗin nan a takarda da kwanan wata ka manna a jikin akwatin. In shekara ta zagayo, an hure, ka ga ta haura da goma a irin wannan yanayin, to sai a ɗaga radiyatar. Kuma duk ɗagawa ƙafafun roban nan na ƙara rauni, ka ajiye na tsohuwar fankar ukun da suka rage.

Ɗalibar Harobanda
Na kwashe komai a kile biyu. Yayana ya duba, akwai ramin M.2. Malam, wajen saye me zan ce musu, don ya ce wai iri biyu ne?

Mai Gyaran Katako
Iri biyu ne, SATA da NVMe, kuma ba kowane rami ke karɓar duka ba. Ki turo min lambar mashin ɗin da ke rubuce a ƙasanta da hoton ramin, in duba kafin ki fitar da kuɗi. In za ki saya, ki tafi da mashin ɗin a sa a gabanki, a buɗe CrystalDiskInfo ki ga awannin da ya yi aiki, don ana sayar da tsoho a kwalin sabo.